Sandy Denny, 1947–1978: Rayuwarta da Waƙoƙinta a Faya-fayan Dandali

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Sandy Denny, mawaƙiyar Ingila wadda ta rasu a 1978 tana da shekara 31. An mayar da hankali ga faya-fayai biyu da aka naɗa tana waƙa a gaban jama'a: na ƙungiyar Fairport Convention da ya fito a 1974, da na babban wasanta na ƙarshe a Landan wanda bai fito ba sai 1998. Manufar ita ce a ga yadda waƙar baka da aka tsinto daga littafi take komawa bakin mawaƙi, da kuma iyakar amanar da manazarci zai bai wa faifan da aka ce na dandali ne.

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin adabin baka sun daɗe da amincewa cewa ran waƙar baka yana wurin aiwatar da ita, lokacin da mawaƙi ya tsaya gaban masu sauraro ya rera, ya ƙara, ya rage gwargwadon yanayin taro. Mutanen Ingila da Sikotilan sun gaji ɗimbin irin waɗannan waƙoƙi, musamman waƙoƙin labari da suke kira balad, amma bunƙasar masana'antu da ƙaurar mutanen karkara zuwa birane suka sa bakunan da ke riƙe da su suka yi ta raguwa. Malamai ne suka tsamo su. Francis James Child, shehun malami a Jami'ar Habad ta Amurka, ya tattara guda 305 tare da ire-irensu ya buga tsakanin 1882 da 1898, kuma har yau da lambobin da ya ba su ake kiransu. Bayansa Cecil Sharp ya shiga ƙauyukan Ingila tun daga 1903 yana rubuta kalmomi da karin rerawa daga bakin tsofaffi. Aikinsu ya ceci waƙoƙin, sai dai ya killace su a takarda.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sami farfaɗowa. Ƙananan kulob-kulob suka yaɗu a birane, inda matasa ke rera tsofaffin waƙoƙi da murya zalla ko da jita marar lantarki. Masu tsattsauran ra'ayi a cikinsu sun ɗauki jitar lantarki da gangunan rok a matsayin gurɓata gado. A ƙarshen shekarun 1960 wasu matasa suka keta wannan shinge, suka ɗora waƙoƙin ƙarni uku ko huɗu da suka wuce a kan kiɗan rok. Wannan gauraye shi ake kira fok-rok na Birtaniya, muryar da aka fi tunawa da shi da ita kuwa ita ce ta Sandy Denny.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Alexandra Elene MacLean Denny ranar 6 ga Janairu, 1947, a unguwar Merton Park da ke kudu maso yammacin Landan. Sunan MacLean na kakarta ta wajen uba ne, mutuniyar Sikotilan mai jin harshen Gelik kuma masaniyar waƙoƙin gargajiyar ƙasarta. Gidansu na masu matsakaicin hali ne. Ta koyi fiyano tun tana ƙarama, daga baya ta koyi jita. Da ta gama makarantar 'yan mata ta Coombe ta fara koyon aikin jinya a asibitin Brompton, amma ba ta jima ba ta bari, ta shiga kwalejin zane-zane ta Kingston a 1965. Nan ma kulob-kulob na Landan irin su Troubadour da Les Cousins suka janye ta.

A ƙarshen 1966 aka fara jin muryarta a gidan rediyon BBC. A 1967 ta naɗi wasu waƙoƙi ga ƙaramin kamfanin Saga tare da Alex Campbell da Johnny Silvo, sannan ta shiga ƙungiyar Strawbs, suka tafi babban birnin Danmak suka naɗi faifan da bai fito ba sai 1973. A cikinsa akwai waƙar da ta tsara tana 'yar shekara ashirin ko ƙasa da haka, Who Knows Where the Time Goes, wadda turkenta shuɗewar zamani ne: mai kallon tsuntsaye suna ƙaura idan sanyi ya ƙarato, ita kuwa tana zaune ba ta ƙidaya lokaci. Mawaƙiyar Amurka Judy Collins ta rera ta a 1968 har ta sa wa faifanta sunan waƙar, Nina Simone ma ta rera ta a gaban jama'a a birnin Niyok a 1969. Ashe waƙar ta riga mai ita shahara.

3.0 Shekarar 1969

An kafa Fairport Convention a arewacin Landan a 1967. Sunan ya samo asali daga gidan da suke taruwa suna gwaji, na iyalin Simon Nicol, ɗaya daga cikinsu. Sauran su ne Ashley Hutchings mai jitar bes, da Richard Thompson mai jitar jagora, da Martin Lamble makaɗin ganguna. A farko waƙoƙin mawaƙan Arewacin Amurka suke kwaikwayo, irin na Bob Dylan da Joni Mitchell. Furodusansu Joe Boyd, Ba'amurke mazaunin Landan, shi ya haɗa su da Island Records, kamfani mai zaman kansa da Chris Blackwell ya kafa a Jamaika a 1959 ya mayar Landan a 1962. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kamfanin ya bar su suna gwaje-gwajen da manyan kamfanoni masu neman riba nan take ba za su lamunta ba.

Sandy Denny ta shigo a watan Mayu, 1968, ta maye gurbin Judy Dyble. Ta zo musu da abin da ba su da shi, wato tarin waƙoƙin gargajiya a ka. A shekara guda, 1969, ƙungiyar ta fitar da faya-fayai uku da muryarta. Na farko, What We Did on Our Holidays, ya buɗe da waƙarta Fotheringay, a kan Sarauniya Maryamu ta Sikotilan a tsare tana jiran hukuncin kisan da aka zartar mata a 1587. Na biyu, Unhalfbricking, ya ƙunshi A Sailor's Life, tsohuwar waƙar mace mai neman masoyinta matuƙin jirgin ruwa, wadda suka ja har minti goma sha ɗaya da taimakon gogen Dave Swarbrick. Masana tarihin kiɗan suna ɗaukar wannan waƙa a matsayin mafarin salon.

Kafin faifan ya fito masifa ta afka musu. Ranar 12 ga Mayu, 1969, motar ƙungiyar ta kife a babbar hanyar M1 suna dawowa daga wasa a Bamingham. Martin Lamble, mai shekara 19, da budurwar Richard Thompson suka rasu. Sandy Denny ba ta cikin motar, ta bi wata daban tare da Trevor Lucas, mawaƙi ɗan Ostareliya da suke soyayya. Waɗanda suka tsira suka ga ba za su iya komawa ga waƙoƙin da suka saba yi da marigayin ba. Suka kama gida a ƙauyen Farley Chamberlayne da ke lardin Hampshire, suka ɗauki Swarbrick da sabon makaɗin ganguna Dave Mattacks, Hutchings kuwa ya duƙufa a ɗakin karatu na Cecil Sharp House yana tono matanoni. Abin da ya fito shi ne Liege & Lief, a watan Disamba, mai ɗauke da Matty Groves, lamba 81 a kundin Child, da Tam Lin, lamba 39. A 2006 masu sauraron tashar BBC Radio 2 suka zaɓe shi faifan gargajiya mafi tasiri.

Abin mamaki, faifan bai kai kasuwa ba sai da mutum biyu suka fice, kuma dalilansu kishiyoyin juna ne. Hutchings yana son a ƙara nutsewa cikin gargajiya, ya tafi ya kafa Steeleye Span. Ita kuwa, wadda ta kawo musu gargajiyar tun farko, tsoronta kada ta zama mai rera waƙar wasu kaɗai, alhali tana da nata da take tsarawa. Wannan ja-in-ja tsakanin mai riƙon gado da mai ƙirƙira bai rabu da ita ba har ƙarshen rayuwarta.

4.0 Tsakanin Ficewa da Dawowa

A 1970 ta kafa ƙungiyar Fotheringay tare da Trevor Lucas, da Jerry Donahue, da Pat Donaldson, da Gerry Conway. Faifai ɗaya suka fitar, wanda ya ƙunshi Banks of the Nile, tsohuwar waƙar sojan da za a tura yaƙi Masar yana sallama da masoyiyarsa. A ganin mai wannan nazari, ba ta taɓa rera waƙar gargajiya da ta kai wannan natsuwa ba. Ƙungiyar ta watse a farkon 1971. Masu karanta jaridar Melody Maker sun zaɓe ta gwarzuwar mawaƙan Birtaniya mata a 1970 da 1971, kuma ita kaɗai ce baƙuwar murya da ta taɓa shiga faifan situdiyo na ƙungiyar Led Zeppelin, a waƙar The Battle of Evermore ta 1971. Faya-fayanta na kanta, The North Star Grassman and the Ravens na 1971, da Sandy na 1972, da Like an Old Fashioned Waltz na 1974, sun sha yabon masharhanta, amma ciniki bai kai yabon ba. Ta auri Trevor Lucas a watan Satumba, 1973. A lokacin shi da Donahue sun riga sun shiga Fairport Convention, don haka hanyar dawowarta ta buɗe.

5.0 Faifan Fairport Live Convention

Wannan shi ne faifan dandali na farko da ƙungiyar ta fitar. Island ya sake shi a 1974, a Amurka kuma aka sa masa suna A Moveable Feast. An naɗe shi tsakanin ƙarshen 1973 da farkon 1974 a wurare uku: gidan wasa na Rainbow a Landan, da zauren Fairfield a Croydon, da gidan opera na Sidni a Ostareliya, wanda ba a daɗe da buɗe shi ba, a watan Oktoba na 1973. Makaɗan su shida ne: Denny, da Lucas, da Donahue, da Swarbrick, da Mattacks, da Dave Pegg mai jitar bes. Babu ko ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1967. Suna ne da taskar waƙoƙi suka ci gaba, mutane suna shiga suna fita, kamar gidan kiɗa na gado.

Faifan ya buɗe da Matty Groves, kuma a nan ya kamata a dakata. Labarin ya girmi shekarar 1613, domin an ambaci waƙar a wani wasan kwaikwayo na Francis Beaumont da aka buga a shekarar. Matar wani basarake ta ga saurayi talaka a coci ranar biki, ta gayyace shi gida da yake mijinta ba ya nan. Wani bara ya ji, ya sheƙa ya kai labari. Mijin ya dawo ya same su. Bai yarda ya kashe tsirara ba, ya sa saurayin ya yi sutura, ya ba shi mafi kyawun takubbansa biyu, ya kuma bar shi ya fara sara. Saurayin ya yi masa rauni, shi kuwa ya kashe shi. Da ya tambayi matar wa ta fi so, ta zaɓi gawar, ya soke ta. Ya umarci a binne su kabari guda, amma a ɗora ta a sama saboda asalinta na sarauta. A wannan umarni na ƙarshe ne habaicin waƙar yake: ko a kabari ba a manta da bambancin daraja ba.

Waƙar ba ta da gindi ko amshi, ɗiya ne kawai ke bin juna a kan kari ɗaya, karin da ƙungiyar ta aro daga waƙar Shady Grove ta tsaunukan Amurka. Wato matani na Ingila, kari daga Amurka, aiwatarwa a gaban mutanen wata nahiya. Nauyin duka yana kan mai rerawa, wadda dole ta zama matar, ta zama saurayin, ta zama baran da mijin, ba tare da ta sauya kari ba. A naɗin situdiyo na 1969 Sandy Denny ta bi labarin da sanyin murya, kamar mai ba da shaida. A dandali kuwa muryar ta ƙara kauri da zafi, tana jinkirta wata gaɓa ta bar kiɗa ya wuce ta sannan ta cim masa, tana danna kalmomin husuma. Bayan an binne gawarwakin sai goge da jita su ɓarke da kiɗan rawa mai sauri. Mai sauraro na iya ganin rashin dacewar rawa bayan kisan mutum biyu, amma haka ƙungiyar take sauke nauyin labarin daga zukatan jama'a.

John the Gun tata ce ta kanta, daga faifanta na 1971. Ta mutuntar da yaƙi, ta mayar da shi wani mutum mai taƙama da ke magana da bakinsa, ta kuma gina waƙar da kalmomi da kari irin na tsofaffin balad, har wanda bai sani ba zai ɗauka daga kundin Child aka ciro ta. Jera ta a faifai ɗaya da Matty Groves ya nuna yadda ta sasanta rigimar da ta fitar da ita a 1969: ta ƙirƙira, amma da kayan gado.

Sauran waƙoƙinta biyu na Amurka ne. Down in the Flood ta Bob Dylan ce, gargaɗi ga mace a kan ambaliyar da ke tafe, Something You Got kuwa ta Chris Kenner ce, mawaƙin birnin New Orleans. A nan aka ji wata Sandy Denny mai raha da ƙaraji, wadda faya-fayan situdiyo suka ɓoye a bayan waƙoƙin juyayi. Ragowar faifan na Swarbrick ne da abokansa: Rosie, da kiɗe-kiɗen goge zalla irin su Fiddlestix da Dirty Linen, da doguwar Sloth wadda Thompson da Swarbrick suka tsara a 1970 bayan ficewarta. Wannan shi ne raunin faifan. Ana jin ƙungiyoyi biyu a dandali guda, ta mai goge da ta mai murya, suna karɓa-karɓa maimakon su narke. Kuma tunda daga darare daban-daban a nahiyoyi biyu aka tsinto waƙoƙin, jerin da mai sauraro ke ji bai taɓa faruwa a wani dare ɗaya ba. Tafi da sowa na gaske ne, tsarin kuwa na ɗakin tacewa ne.

6.0 Gangarowa

A 1975 ƙungiyar ta yi Rising for the Moon ƙarƙashin furodusa Glyn Johns, da fatan samun kasuwar da ta daɗe tana kuɓuce musu. Mattacks ya fice ana tsakiyar aikin, Bruce Rowland ya maye gurbinsa. Faifan bai cika burin ba, ita da mijinta da Donahue suka bar ƙungiyar. Ma'auratan sun koma ƙauyen Byfield a lardin Northamptonshire. Shan barasa da ƙwayoyi, waɗanda suka zama ruwan dare a sana'ar a wancan zamani, suka yi mata katutu, aurensu ya shiga tangal-tangal, muryar ma ta fara nuna alamun taba da gajiya. Faifanta na ƙarshe, Rendezvous, ya fito a 1977 cike da kiɗan gogayen makaɗa masu yawa da aka lafta don jan hankalin kasuwa. Bai sayu ba, Island ya sallame ta. A watan Yuli na shekarar ta haifi 'ya mace, bakwaini.

7.0 Daren Royalty da Faifan Gold Dust

A watan Nuwamba, 1977, ta yi rangadin Birtaniya, wanda ya ƙare a gidan wasa na Royalty a Landan ranar 27 ga watan. An naɗi wasan, aka ajiye shekara ashirin, sai a 1998 Island ya fitar da shi da sunan Gold Dust. Waƙoƙi 17 ne. Kusan duka nata ne, in ban da ɗaya ta Dylan da ɗaya ta Richard Thompson. Babu Matty Groves, babu Tam Lin, babu balad ko ɗaya daga kundin Child. Daga zamanin Fotheringay ta ɗauko The Sea da Nothing More, daga faya-fayanta ta ɗauko Solo da The Lady da John the Gun, yawanci tana zaune a fiyano. Wanda ya san ta ta hanyar Liege & Lief kaɗai zai yi mamakin yadda ta tsaya a kan nata.

Ga manazarcin aiwatarwa, wannan faifai ya fi na 1974 sarƙaƙiya. Dare ɗaya ne, zaure ɗaya, amma zaren naɗin ya sami matsala a wasu layuka, don haka masu shirya shi suka kira Jerry Donahue, wanda ba ya cikin makaɗan daren, ya sake kaɗa sassan jita, Simon Nicol da Chris Leslie kuma suka sake rera muryoyin amshi. Muryar jagora ta 1977 ce, wani ɓangare na abin da ke kewaye da ita na shekara ashirin bayan haka ne. Masu amshin suna karɓa wa wadda ta daɗe a kabari. Wanda zai kafa hujja da faifan a kan yadda take sarrafa numfashi, ko yadda muryarta ta dushe ta koma ƙasa, yana kan turba. Wanda zai kafa hujja a kan yadda take hulɗa da makaɗanta a wannan dare kuwa, sai ya yi hattara. Faifan ya rufe da Who Knows Where the Time Goes, wadda ta tsara shekara goma kafin nan. Masu sauraro na yau suna jin bankwana a cikinta saboda sun san abin da ya biyo baya, amma ita a daren tana rufe rangadi ne kawai.

8.0 Rasuwa

A ƙarshen watan Maris, 1978, tana hutu da iyayenta a lardin Cornwall, ta faɗo daga matakalar bene, kanta ya bugu. Ciwon kai mai tsanani ya biyo baya, aka ba ta maganin kashe zafi wanda haɗa shi da barasa ke da haɗari. Ranar 1 ga Afrilu ta yi ɗan wasan agaji a zauren ƙauyen Byfield, shi ne tsayuwarta ta ƙarshe a gaban jama'a. Ranar 13 ga watan mijinta, wanda ke fargabar lafiyar jaririyar, ya ɗauke ta ya tafi Ostareliya. Bayan kwana huɗu aka tsinci Sandy Denny a sume a gidan wata ƙawarta a Landan. Ba ta farfaɗo ba. Ta rasu ranar 21 ga Afrilu a asibitin Atkinson Morley da ke Wimbledon sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, aka binne ta a maƙabartar Putney Vale.

Trevor Lucas ya rasu a Sidni a 1989. Fairport Convention ta yi wasan bankwana a ƙauyen Cropredy a 1979, amma taron ya rikiɗe ya zama bikin shekara-shekara, kuma Dave Pegg ya kafa ɗan kamfani mai suna Woodworm da ƙungiyar ta riƙa fitar da faya-fayanta na dandali ta hanyarsa ba tare da jiran manyan kamfanoni ba. A waɗannan bukukuwa Matty Groves ta koma bakin Simon Nicol, namiji, kuma kusan ƙarshen wasa ake rera ta. Clinton Heylin ya buga tarihin rayuwarta a 2000, Mick Houghton ya buga nasa a 2015. Faifai na biyu na Fotheringay, wanda aka yasar da shi rabi a 1971, Jerry Donahue ne ya kammala shi daga tsofaffin zaruruwa, ya fito a 2008.